Kula da Man Giya a Tsohuwar Motar Otomatik



A shekarun 1970 da 1980, in ekklesiya ko ƙungiyar manoma ta sami ikon sayen mota, galibi Peugeot 504 ce, wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975, ko kuwa a-kori-kura. Kusan dukansu masu giyar hannu ne, da kulochi a ƙafar hagu. Yau abin ya sake. Motocin da ƙungiyoyinmu na gama kai ke saya tsofaffi ne da aka shigo da su daga Amurka da Turai, irin su Toyota Camry, Corolla, Sienna da Honda Accord. Da yawa cikinsu otomatik ne, watau masu canja giya da kansu.

Mota ta sake, amma irin kulawarmu ba ta sake ba. Kowane direba ya san lokacin juyen baƙin mai. Man giya kuwa ba mai tunawa da shi, sai ranar da aka ɗora buhunan masara, aka sa giya, injin yana ta kuka, mota ta ƙi gaba. Daga nan sai kuɗin da aka tara domin takin zamani ya tafi wurin makaniki, a soma zargin direba, wani lokaci har zumunci ya ɓaci. Yawancin wannan hasara ana iya kauce mata da 'yan litocin mai da aikin rabin yini.

Aikin da mai ke yi a cikin giyabos

A motar giyar hannu, aikin man giya shi ne ya shafe haƙoran ƙarfe kada su ci juna. Ko ya tsufa, mota takan yi ta tafiya shekara da shekaru. A motar otomatik ba haka ba ne. A nan mai shi ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya kai wa ƙafafu.

Tsakanin injin da giyabos akwai wani ƙarfe kewayayye mai kama da tulu, cike da mai. Makanikai suna kiransa kwambata. A cikinsa akwai fanka biyu suna fuskantar juna. Injin yana juya ta farko, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi a kan ta biyu, ta biyun ta juya giya. In aka ajiye fankar lantarki biyu gaba da gaba, aka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka abin yake, sai dai a nan mai ne a maimakon iska. Shi ya sa motar otomatik ke iya tsayawa cik a cikin giya, injin bai mutu ba.

Mai ne kuma ke canja giya. Akwai famfo a cikin giyabos wanda injin ke juyawa. Famfon yana tura mai ta waɗansu ƙananan hanyoyi masu ƙofofi, ya je ya matse waɗansu faifai sirara da makanikai ke kira faiba. An manne wa faifan nan wani abu mai kama da takarda mai kauri. In mai ya matse su giya ta kama, in ya sake su ta saki. Watau aikin da hannun direba da ƙafarsa ta hagu ke yi a 504, mai ne ke yinsa a nan. Ban da wannan, yana shafe haƙoran giya, yana kuma kwashe zafi ya kai shi lagireto ta bututu biyu, ya huce ya komo.

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da motoci da yawa masu irin wannan giya, daga Oldsmobile ta 1940. A 1949 ya fitar da mai na musamman dominta. Tun daga lokacin, kowace giyar otomatik da irin man da aka ƙera ta dominsa.

Abin da ke kashe mai

Babban magabcinsa zafi ne. An yi man nan ya yi aiki a wajen digiri 80 na ma'aunin Selshiyas. Akwai wata ƙa'ida da makanikai suka daɗe suna bi: duk lokacin da zafin ya ƙaru da wajen digiri 10 a kan wannan, kwanan mai ya ragu da rabi. In mai ya dahu, sai ya yi duhu, ya bar datti a ƙananan hanyoyin nan, robobin ciki su bushe su daina riƙe ƙarfi, faiba ta soma zamewa. Zamewar kuma ta haifi wani zafin.

To, ku duba irin aikin da motar ƙungiya ke yi. Tana ɗaukar kaya fiye da abin da aka ƙera ta dominsa. Tana tafiya a hankali cikin rairayi da taɓo, inda iska ba ta dukan lagireto sosai. Tana hawa tudu irin na Hawan Kibo da kaya a baya. A Yola ko Maiduguri, zafin rana kansa yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Littattafan masu ƙera motoci suna kiran irin wannan aiki mai tsanani, suna kuma cewa a gajarta lokacin canja mai. A wurinmu kuwa shi ne aikin kullum.

Magabci na biyu ruwa ne. Yana shiga ta hanya biyu. Akwai 'yar ƙofar numfashi a saman giyabos. In aka tsunduma mota mai zafi cikin rafi da damina, ruwa yana iya bi ta nan. Sa'an nan bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto yake. In ya yi tsatsa ya huje, ruwan lagireto da mai su gauraya. Ruwa yana ɓanɓare abin da aka manne a faiba. Ko kaɗan ne ya isa ya kashe giyabos.

Yadda ake duba mai

A riƙa dubawa sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

A tuƙa mota kamar minti 15 ko 20 don mai ya yi ɗumi. A tsaya a wuri mai daidai, ba gangare ba. A ja birkin hannu, a taka birkin ƙafa, a bi da sandar giya ta kowane harafi, P, R, N, D, 2, L, ana ɗan dakatawa a kowanne, sa'an nan a komar da ita P. A bar injin yana aiki. A buɗe banet a zaro sandar awo ta giya, wadda makanikai ke kira geji. Ba ita ce ta baƙin mai ba, a tabbata an san kowace. A share ta da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyun da aka rubuta HOT a wurinsu. Alamar COLD ta ƙiyasi ce kawai, ba a dogara da ita. Mai babbar riga ya tuɓe ta tukuna, gama fanka da bel suna juyawa.

Ba dukan motoci ke bin wannan ba. Tsofaffin Honda ana kashe injin ne bayan ya yi zafi, a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Motocin Mitsubishi da yawa a N ake dubawa. Waɗansu motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 ba su da geji sam. Akwai wata kusa a ƙasa da ake kwancewa in mai ya kai wani zafi. Irin waɗannan sai a kai wa makanikin da ya san su.

Tsakanin alamar ƙasa da ta sama galibi wajen rabin lita ne kawai, don haka a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In mai ya kasa, famfo ya zuƙi iska, giya ta zame. In ya yi yawa, haƙoran giya su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta iya matse faiba. Giyabos ba ta ƙone mai kamar yadda tsohon injin ke yi. In ana ta ƙari, to yoyo ne. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, da safe a ga inda ya ɗiga.

Abin da launi da wari ke nunawa

A ɗiga man gejin a kan farar takarda, a duba, a sansana.

In ja ne, ana gani ta cikinsa, lafiya lau. In ya koma ƙasa-ƙasa kamar shayi ba madara, amma ba ya warin ƙuna, ya gaji, lokacin juye ya yi. In baƙi ne, yana wari kamar tuwon da ya kama tukunya, faiba ta soma ƙonewa. A karanta abin da ke gaba kafin a taɓa shi. In ya yi fari-fari da kauri kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga: kada a ƙara tuƙa motar, a nemi inda ruwan ya bi. In kuwa ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, wani abu yana cin ɗan'uwansa, wannan aikin makaniki ne.

Wane mai za a saya

Nan ne aka fi yin kuskure. Mai sayarwa zai ce duk jan mai ɗaya ne. Ba haka ba ne. Jan nan rini ne kawai da ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai. Abin da ya raba wani mai da wani shi ne kaurinsa da kuma irin santsin da yake ba faiba. In santsin ya yi yawa giya ta zame, in ya kasa ta riƙa fizga.

Sunan da aka fi gani a kasuwa shi ne Dexron, na General Motors. Na farko ya fito a 1967, Dexron II a 1973, Dexron III a 1993, Dexron VI a 2005. Tun ƙarshen 2006 kamfanin ya daina ba da izinin sunan Dexron III. Saboda haka galan ɗin da ke ɗauke da sunan nan yau, maganar mai yin man ce kawai, sai a nemi na kamfanin da aka sani. Tsofaffin Toyota irin Camry ta 1997 zuwa 2001, da Marsandi 190 da sa'o'inta, Dexron suke sha. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana bukatar Toyota T-IV. Toyota na bayan waɗannan da yawa suna bukatar wanda ake kira WS, wanda ya fi ruwa-ruwa. Honda tana da nata: da Z1 ne, daga baya aka maye gurbinsa da DW-1. Ford tana da Mercon iri-iri.

Akwai kuma wata giya dabam da ake kira CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe a maimakon haƙora. Tana cikin motocin Nissan da yawa, da yawancin Corolla na Amurka daga 2014. Daga kujerar direba ba a bambanta ta da otomatik, amma manta dabam ne ƙwarai. Man otomatik na kullum yana kashe ta.

To, yaya za a sani? A duba jikin geji, sau da yawa an buga sunan man a kansa. A duba littafin motar. In babu, a kai sunan motar da shekararta da girman injinta wurin dillalin kamfanin. Kada a zuba baƙin mai, ko man giya mai kauri lamba 90, ko man haidirolik na tarakta. Kada a sayi man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya. A sayi galan mai hatimi, a buɗe shi a gaban idon ɗan kwamiti.

Yadda ake juyewa

Kayan da ake bukata: mai irin wanda ya dace, lita 4 ko 5, daro mai faɗi, galan da aka yi wa alamar lita-lita don awo, mazurari mai dogon baki, mai tsabta, sifana, sabon washa na kusar juye, tsumma mara zare. In za a cire tasar ƙasa, a tanadi sabon fakin da sabuwar filta. A yi aikin a kan siminti, a ranar da ba iska, gama ƙurar hunturu ko ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta toshe ƙofa a ciki.

1. A tuƙa mota ta yi ɗumi, a kashe, a bar ta kamar rabin sa'a. Mai mai ɗumi ya fi fita da datti, amma mai zafi yana ƙona hannu.

2. A ja birkin hannu, a tokare ƙafafu. In an ɗaga mota, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, ko a yi aikin a ramin gareji. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita, ko bulon siminti.

3. A tabbata kusar da za a kwance ta giyabos ce, ba ta injin ba. A share kewayenta. A kwance, a bar mai ya tsiyaye cikin daro.

4. A auna abin da ya fita. Wannan shi ne awon da za a mayar. A ƙananan motoci yakan kama lita 2 da rabi zuwa 4.

5. In giyabos tana da tasa a ƙasa, a sassauta notocinta duka, a bar biyu a gefe ɗaya, a karkata ta a hankali, domin akwai sauran mai a ciki. Motar da ba ta da kusar juye, ta nan kaɗai ake fitar da mai.

6. A duba cikin tasar. Akwai maganaɗisu a ciki. Ɗan toka-tokan datti mai laushi a jikinsa ba kome ba ne. Gutsattsarin ƙarfe kamar tsabar gero, ko baƙaƙen ɓawo masu yawa, alama ce ta ɓarna. A nuna wa kwamiti.

7. A wanke tasar da maganaɗisun da kananzir, a bar su su bushe sarai. Filta ta ragar ƙarfe ana iya wankewa. Ta takarda ko ta ulu sai sabuwa.

8. A kankare tsohon fakin, a sa sabo. Kada a lafta gam, domin abin da ya matso ciki zai gutsure ya toshe filta. A ɗaure notoci da hannu tukuna, sa'an nan da sifana a gicciye, ɗaya nan ɗaya can, ba da ƙarfi ba. Ƙarfi yana lanƙwasa bakin tasa ya kawo yoyo.

9. A mayar da kusa da sabon washa. A zuba sabon mai ta bakin geji, ɗan ƙasa kaɗan da abin da ya fita.

10. A tada injin, a bi da giya ta kowane harafi, a duba yoyo. A tuƙa ta yi zafi, a auna kamar yadda aka bayyana, a cika abin da ya rage. Washegari a sake dubawa.

Tsofaffin Honda ba su da tasa, kusa kawai ake kwancewa, maganaɗisun a bakinta yake. Camry mai silinda huɗu ta 2001 da na bayanta a shekaru, watau waɗanda suka girme ta, tana da wani ɗaki dabam na difarenshal mai kusarsa, wanda geji ba ya aunawa. A tuna wa makaniki da shi, gama an sha barinsa ya bushe.

Me ya sa juye ɗaya ba ya isa

In an kwance kusa, ba dukan mai ke fita ba. Fiye da rabi yana nan cikin kwambata da bututu. Waɗansu tsofaffin Marsandi suna da kusa a jikin kwambata, amma yawancin motoci ba su da ita.

Mu yi lissafi. A ce giyabos tana cin lita 8, juye kuma yana fitar da 3. Bayan juye na farko, tsohon mai lita 5 ya rage. In an yi tuƙi ya gauraya aka sake juyewa, saura wajen lita 3. A karo na uku, saura wajen lita 2, watau kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka motar da aka sayo ba a san tarihinta ba, a yi mata juye uku, ana barin mako ɗaya ko biyu na tuƙi a tsakani. Filta sau ɗaya ya isa.

Wannan hanya ta sannu-sannu ita ta fi dacewa da tsohuwar mota. Waɗansu garejoji a birni suna da injin wanke giyabos, wasu har da maganin wanki. A tsohuwar giyar da ta daɗe ba a taɓa ba, wannan yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi ƙananan ƙofofi. Kada kuma a yarda wani ya zuba fetur, kananzir ko gas a cikin giyabos wai don wanki.

Maganar "an juye mai, giya ta mutu"

Za ku ji ana cewa ba a canja man tsohuwar otomatik, wai da an canja sai ta mutu. Akwai abin da ya jawo maganar. Mutane ba sa tuna man giya sai mota ta soma jinkirin kamawa ko zamewa. A lokacin nan faiba ta riga ta cinye, garinta yana yawo cikin mai, shi ne ke ɗan ba ta kamu. In an zuba sabon mai mai tsabta, sai ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili. Ba sabon mai ne ya kashe ta ba, daɗewar tsohon ne. Wani lokaci kuma man da aka zuba ba irinta ba ne, ko awon bai yi daidai ba.

Ga yadda za a yanke shawara. In giya tana kamawa lafiya, mai kuma ja ne ko ƙasa-ƙasa, a juye ba tsoro. In mai baƙi ne mai warin ƙuna, mota kuma tana jinkiri in an sa D ko R, ko injin yana ƙara kuka gudu bai ƙaru ba, to juye ba magani ba ne. A kai ta wurin makanikin giya, a kuma faɗa wa kwamiti halin da ake ciki kafin a taɓa kome. Magatakarda ya rubuta. Ta haka ba za a ɗora wa direba ko makaniki laifin ciwon da aka sayo da motar ba.

Tsohon mai

Kada a zubar da shi a gona, ko a lambatu, ko kusa da rijiya, gama yana bin ƙasa ya ɓata ruwan sha. Kada a shafa wa dabba mai ƙirci, kada a sa a miki, kada a hura wutar girki da shi. A zuba a galan mai murfi, a rubuta a jiki, a ajiye inda yara ba sa kaiwa, a kai wa garejin da ke tara tsohon mai. Galan ɗin kuma kada ya koma na ruwa ko na man gyaɗa.

Tuƙin da ke tsawaita kwanan giya

Direba ya tsaya cik kafin ya sa R ko P. A kan gangare ya ja birkin hannu tukuna, sa'an nan P. Kada ya riƙe mota a kan tudu da totur, birki aka yi domin wannan. In da kaya a hawa ko a gangara, ya sa 2 ko L. In motar tana da maɓallin O/D, ya kashe shi in giya tana ta hawa da sauka. In mota ta kafe a taɓo, kada ya yi ta D da R yana taka totur, minti kaɗan na wannan ya isa ya dafa mai. A haƙa, a sa itace, a tura.

Motar otomatik ba ta tashi da turi. Ba a kuma jan ta da igiya zuwa nesa, domin in injin ba ya aiki famfo ba ya aiki, ƙarafa suna juyawa ba mai. A ɗaga ƙafafun da ke jan motar, ko a ɗora ta a kan babbar mota. A kuma kula da lagireto: a share ƙaiƙayi da ciyawar da ke toshe gabansa, a tabbata fanka tana aiki. Injin da ke zafi yana dafa man giya tare da shi.

Aikin kwamiti

Shawarata ga tsohuwar mota mai aikin ƙauye ita ce a juye man giya kowane kilomita 40,000, ko kowace shekara biyu, duk wanda ya riga zuwa. In littafin motar ya faɗi ƙasa da haka, a bi littafin. A lura, motocin da suka fito daga Amurka mil suke ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, watau kilomita 40,000 daidai yake da mil 25,000.

A ajiye littafi a cikin motar. A rubuta ranar juye, da lambar da agogon mota ya nuna, da sunan mai, da lita nawa ya fita nawa ya shiga, da wanda ya yi aikin. Ɗan kwamiti ɗaya ya tsaya a wurin ya sa hannu. Ma'aji ya riƙa ware wani abu daga kuɗin kowace tafiya domin mai da filta, kada a jira sai an yi karo-karo. A ajiye lita ɗaya mai hatimi da mazurari a cikin but. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne ƙarshen damina: an gama ƙetare rafuka, za a ga ko ruwa ya shiga, mota kuma ta shirya kafin nauyin kaka ya hau ta.

Motar ƙungiya ba ta shugaba ba ce, ba ta direba ba ce. Kuɗinta daga gumin mutane da yawa ya fito, har da gwauraye da matasa waɗanda suka ba da mudu-mudu. Ita ce ke kai amfanin gona kasuwa, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Amana ce a hannunmu, rigakafi kuwa ya fi magani. Ina roƙon kowane magatakarda ya karanta wannan a taro mai zuwa, direba yana zaune, sa'an nan a fita waje tare a zaro geji a ga launin mai.

Mai tambaya ya aiko ta hannun fastonsa ko magatakardan ƙungiya. Ubangiji ya tsare hanyoyinmu, ya sa albarka a aikin hannuwanmu.